Ciwon Kai Da Na Fuska: Asarar Da 'Yan Kasuwar Agege Ke Tafkawa A Kemis

LEGAS: A Zangon Agege da mayankar Oko-Oba, inda fataken goro da dillalan shanu ke sammakon neman abinci, ɗan kasuwa ba ya rufe rumfa don ciwon kai. Sai ya aika yaro kemis a sayo farasitamol, a ci gaba da ciniki. Likitoci kuwa suna gargaɗin cewa arhar nan tana iya komawa tsada.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 kusan kashi 40 cikin 100 na mutanen duniya sun yi fama da larurar ciwon kai. Bisa ƙa'idar likitoci, wanda ke shan maganin rage zogi kwana 15 ko fiye a kowane wata, har sama da wata 3, maganin da kansa yana iya zama sanadin ciwon. Ga masu haɗiyar tiramadol ko kodin kuwa, kwana 10 a wata sun isa. A watan Mayun 2018 ne gwamnatin tarayya ta hana sarrafa maganin tari mai kodin da shigo da shi.

Ciwon fuska ya fi rikitarwa. Akwai wanda ke tasowa daga jijiya ta 5 ta ƙwaƙwalwa, yana fizgar ɓarin fuska kamar wutar lantarki, musamman wajen tauna, asuwaki ko alwala. Masu shi da dama sukan biya a cire musu haƙori lafiyayye, ciwon kuma yana nan. Farasitamol ba ya jin sa; maganin farfaɗiya da ake kira Tegretol ne likita kan fara rubutawa.

Ƙwararrun ba su da nisa. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas da ke Idi-Araba, wanda aka buɗe a 1962, da na Jami'ar Jihar Legas da ke Ikeja, suna da likitocin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, da na tiyatar baki da muƙamuƙi. Hanya mafi sauƙi ita ce a fara da Babban Asibitin Orile-Agege, a auna hawan jini, a karɓi takardar turawa.

Sai dai ciwon kai mai tsanani da ya sauko farat ɗaya, ko ya zo da karkacewar baki, mutuwar hannu ko sarƙewar harshe, ba ya jiran tashin kasuwa. A garzaya da mai shi asibiti nan take.