Ƙananan Kulob Da Manya A Kofin Ƙalubale

A garin Mubi, da la'asar ta yi sanyi, sai ka ga samari sun baro kasuwa da gona da makaranta sun nufi filin ƙwallo. Ba mai biyansu albashi, takalmi ma da kuɗin aljihunsu suke saye. Amma akwai gasa ɗaya da ke ba irinsu damar karawa da ƙwararru, watau Kofin Ƙalubale, wanda aka fara a 1945 da sunan Kofin Gwamna, yanzu kuwa ake kira Kofin Tarayya na Shugaban Ƙasa.

Daga jiha ake fara tankaɗe da rairaya, kulob biyu su wakilci Adamawa. Wanda aka doke ya fita ke nan, shi ya sa manya ke fargaba. A 1984 Leventis United ta Ibadan tana rukuni na uku ta ɗauke kofin. A 2024 El-Kanemi Warriors ta Maiduguri ta cinye shi tana rukuni na biyu.

Sai dai fa waɗannan masu gata ne, ɗaya ta kamfani, ɗaya ta gwamnatin Borno. 'Yan Mubi kuwa, kuɗin motar zuwa Yola kaɗai kan iya kayar da su tun alƙalin wasa bai busa usur ba.