Makullin Da Ido Ba Ya Gani

Duk wanda ya san Kasuwan Garba, a Ƙaramar Hukumar Mariga cikin Masarautar Kontagora ta Jihar Neja, ya san cewa ɗan kasuwa ba ya barin rumfarsa da magariba sai ya garƙama kwaɗo, ya ja shi sau biyu don ya tabbata ya kama. Haka manomi ba ya barin rumbunsa a buɗe. Amma a 'yan shekarun nan wata sabuwar ƙofa ta shigo gidaje da shaguna, wadda mutane da yawa ke kwana su bar ta a wangale ba su sani ba. Wannan ƙofa ita ce 'yar na'urar nan mai rarraba intanet ba tare da waya ba, wadda ake sa wa layi a ajiye a kan tebur, ko kuma wayar hannu da mai ita ya buɗe domin iyalinsa su ɗauki data daga gare ta.

Tun daga shekarar 2001 da wayar salula ta shigo Nijeriya al'amura suka yi ta sauyawa, har aka zo farkon 2023, lokacin da canjin takardun Naira ya jawo ƙarancin kuɗin hannu. A wannan lokaci ne mai sayar da masara da mai sayar da awaki suka koyi karɓar kuɗi ta waya, masu POS kuma suka zama bankin ƙauye. Saboda haka hanyar da saƙo ke bi ya fita daga gida ta zama hanyar dukiya.

Abin da ya kamata mai karatu ya fara fahimta shi ne, na'urar Wi-Fi tamkar ƙaramin gidan rediyo ce. Tana watsa saƙonta cikin iska ta kowace fuska, kuma katangar gida ba ta tsare shi duka. Wanda ke zaune a dakalin maƙwabta yana iya kama shi. Tun da ba a iya hana saƙon fita, sai masana suka yi dabarar rikita shi, yadda duk wanda ya kama ba zai ga komai ba sai shirme, in ba yana riƙe da mabuɗin da aka rikita shi da shi ba. Kalmar sirrin da mai gida ya zaɓa ita ce uwar mabuɗan. Duk lokacin da wata waya ta nemi shiga, ita da na'urar sukan yi musayar saƙo huɗu, su tabbatar kowa ya san kalmar, sa'an nan su ƙera sabon mabuɗi na wannan zama kaɗai.

Kwaɗon nan ma yana da tarihinsa. Na farko, mai suna WEP, ya fito a 1997, amma a 2001 wasu masana uku, Fluhrer da Mantin da Shamir, suka nuna cewa yana da ɓaraka tun daga ƙirarsa. A 2007 masu bincike a birnin Darmstadt na Jamus suka karya shi cikin ƙasa da minti ɗaya. A wannan shekara ce kamfanin TJX na Amurka, mai manyan kantuna, ya bayyana cewa an sace bayanan katunan kuɗi fiye da miliyan 45, bincike kuma ya nuna ɓarayin sun shiga ta hanyar Wi-Fi na kantunansa wanda ke ɗaure da wannan tsohon kwaɗo. Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

An maye gurbinsa da WPA a 2003, sai WPA2 a 2004, wanda har yanzu shi ne a yawancin gidaje. A 2017 wani masani ɗan Beljiyam, Mathy Vanhoef, ya gano rauni a cikinsa, kamfanoni suka yi gaggawar fitar da gyara, sa'an nan a 2018 aka fito da WPA3. Fifikon wannan na baya shi ne, a ƙarƙashin WPA2 ɓarawo na iya naɗe saƙonnin musayar nan ya tafi da su gida, ya sa kwamfuta ta yi ta gwada kalmomi har ta dace, alhali a WPA3 dole kowane gwaji ya zo ya ƙwanƙwasa wa na'urar kanta.

To, me mai gida zai yi asara in an shiga masa? Na farko, datar da ya saya da guminsa za ta ƙare kafin wata ya raba. Na biyu, baƙon da ya shiga, in ya tarar ba a canza kalmar shugabancin na'urar ba, yana iya sauya saitinta ya riƙa karkatar da mutanen gida zuwa shafukan bogi masu kama da na banki. Na uku, kuma shi ne mafi nauyi, tun Disamba 2020 gwamnati ta wajabta haɗa kowane layin waya da lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN. Duk abin da aka aikata ta cikin na'urar, sawun yana komawa kan layin da ke cikinta, layin kuwa yana ɗauke da sunan mai gida. Dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta haramta shiga na'urar wani ba da izini ba domin zamba, amma kafin gaskiya ta fito, ƙofar mai layi za a fara bugawa.

Gyaran kuwa bai kai aikin rabin sa'a ba. A bayan na'urar, ko a ƙarƙashin batirinta, akwai takarda mai ɗauke da adireshin shiga saiti, galibi lambobi irin su 192.168.0.1 ko 192.168.8.1. Mutum zai rubuta su a wayarsa ya shiga. Abu na farko shi ne canza kalmar shugabanci, domin na'urori da yawa suna zuwa da kalmar "admin", wadda kowane yaro mai gyaran waya ya sani. Na biyu, a zaɓi WPA3 in akwai, in babu a zaɓi WPA2, kada a yarda da WEP ko a bar ta ba kwaɗo. Na uku, a kashe abin da ake kira WPS, domin tun 2011 aka gano cewa lambarsa mai alƙaluma 8 ana iya gano ta da gwaji bai wuce 11,000 ba.

Sai zaɓen kalmar sirri kanta. Tsarin ya yarda da haruffa daga 8 zuwa 63, kuma tsawo ya fi wuya amfani. Kuskuren da ya fi yawa shi ne sa lambar waya, wadda sau da yawa tana rubuce ƙuru-ƙuru a allon shago. Ko ba a rubuta ba, cikin alƙaluma 11 na lambar Nijeriya, huɗun farko sanannu ne, saura 7 kawai, kwamfuta kuwa ba ta daɗewa a kansu. Haka sunan ɗa ko shekarar haihuwa. Gara mutum ya haɗa kalmomi huɗu ko biyar na Hausa waɗanda ba su da dangantaka da juna, ya sa lambobi a tsakani, ya rubuta a takarda ya ajiye inda yake ajiye takardar gona.

Akwai kuma batun kunya. Maƙwabci ya zo ya ce a ba shi kalmar, mai gida ya ji nauyin hanawa, shi kuma gobe ya ba abokinsa, kafin mako ta zagaye unguwa. Da ɗan gari akan ci gari. Na'urori da yawa suna da hanyar baƙi daban, mai kalmarta daban, wadda za a iya bayarwa a kuma canza ba tare da an taɓa ta iyali ba. In babu, to a riƙa duba jerin wayoyin da ke haɗe, in an ga baƙuwa a canza kalma nan take. Mai POS kuwa ya kamata ya ware na'urar sana'arsa daga wadda yake ba jama'a.

Wanda ya sayi na'urar hannu a kasuwa, ko ya kai tasa gyara, ya mai da ita saitin kamfani da zarar ta dawo hannunsa, ya sa sabbin kalmomi da kansa, kamar yadda wanda ya sayi gida yakan canza kwaɗon ƙofa tun kafin ya tare. Allah Ya tsare mana dukiyarmu da mutuncinmu, amin.