Kamun Kifi a Rafukan Kagoro: Haɗarin da Ke Saukowa Daga Tsauni

Kusa da Madakiya, tafiyar 'yan mintoci daga Kafanchan, ruwan Matsirga yana zubowa daga tsayin kusan mita 30 ya faɗa cikin kwazazzabon duwatsu. Daga tsaunukan Kagoro ya taso, kamar rafuka da yawa na yankin. Baƙi hoto suke zuwa ɗauka. Masu ƙugiya da birgi kuwa tarwaɗa suke nema a irin waɗannan rafuka, kuma ita tarwaɗa lungun dutse take so, inda ƙafar mutum ba ta samun wurin tsayawa mai kyau.

Babban haɗarin yana zuwa ne daga inda mai kamun kifi ba ya kallo. A watannin Agusta da Satumba ana iya tafka ruwan sama a kan tsauni alhali rana na haskawa a ƙasa. Dutse ba ya shan ruwa, don haka duk abin da ya sauka sai ya gangaro rafi a lokaci ɗaya. Ruwan da yake iya gwiwa kan kai ƙugu kafin mutum ya gama naɗe igiyarsa. Amma yana ba da alama. Launinsa yakan koma ja, ganyaye da ƙirare su fara wucewa, ƙararsa ta yi kauri. Wanda ya ga haka ya hau tudu nan take, ko da birginsa na cikin ruwa.

Birgin kansa yana da nasa tarko. An saba ɗaura igiyarsa a wuyan hannu kafin a jefa. Idan ya maƙale a tsagar dutse, ruwa kuma yana ja, igiyar nan ce za ta fizgi mai ita. Ya kamata ƙullin ya zama mai saurin kwancewa, kuma a riƙa ɗaukar 'yar wuƙa a jiki.

Sai gansakuka. Dutsen da feshin ruwa ke jiƙawa kullum santsi gare shi, silifa kuma ba ta riƙe shi. Gindin magangarar Matsirga ma ba wurin iyo ba ne, domin ruwan yana juyawa ya mayar da mutum ƙarƙashinsa, komai gwanintarsa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane kusan 300,000 suka mutu ta hanyar nutsewa a shekarar 2021. Abin da ya fi ciwo shi ne yadda mai ceto yakan bi wanda ya je ceto. A Argungu masunta da gora suke shiga ruwa, yana tallafe su. Jarka mai murfi, wadda babu komai a ciki, za ta yi wannan aikin a Kafanchan: a ɗaura mata igiya, a bar ta a hannun abokin tafiya da ke tsaye a gaɓa, ya jefa wa wanda ruwa ya ja ba tare da shi ma ya shiga ba.