Kwana a Mota a Bikin Glastonbury: Gubar da Ba Ta Wari

Ɗan ƙanwata da ke karatu a Bristol ya kira ni wata ranar Lahadi, bakinsa har kunne kamar ina ganinsa. "Kawu, mun samu tikitin Glastonbury, ni da abokaina uku. Don Allah ka kwantar wa Mama da hankali, ba a tanti za mu kwana ba. Mota mai ɗaki za mu ɗauka haya, ga gado, ga murhu, ga banɗaki, kamar mutum yana gida." Na taya shi murna, sannan na tambaye shi ko motar tana da na'urar da ke kuka idan guba ta taru a iska. Ya yi jim, ya ce, "Wace guba kuma, Kawu?" Tambayar nan tasa ce ta zaunar da ni rubutu. Yaranmu da ke karatu ko aiki a Ingila suna da yawa, kuma bikin ba baƙon kunnensu ba ne: Fela Kuti ya yi wasa a can a 1984, Burna Boy ya hau babban dandamalinsa a 2024. Masu marmarin zuwa sai ƙaruwa suke yi.

Wurin dai gonar shanu ce, sunanta Worthy Farm, kusa da ƙauyen Pilton a yankin Somerset, kudu maso yammacin Ingila. Mai gonar, Michael Eavis, ya fara bikin a 1970 da mutane kusan 1,500, kuɗin shiga fam ɗaya, har da kyautar madara. Yau sama da mutum 200,000 ke taruwa na kwana biyar a ƙarshen watan Yuni, kuma 'yarsa Emily ce ke riƙe da ragamar. Duk bayan 'yan shekaru sukan bar gonar ta huta kamar yadda manomi ke barin saura, kamar a 2012 da 2018. Wanda zai je ya riƙe wannan a ransa: gona zai shiga, ƙasarta ta kiwo ce, babu kwalta a ƙarƙashin tayarsa.

Maganar tikiti ba ta da tsawo amma tana cin kuɗin mutane. Sai ka yi rajista da hotonka tun kafin a buɗe sayarwa, a buga hoton a jikin tikitin, kuma tikitocin sukan ƙare cikin ƙasa da awa ɗaya. Na 2025 ya kama fam 373.50 ban da fam 5 na hidima. Saboda haka duk wanda ya zo maka a Facebook ko WhatsApp da tikitin wani "a farashi mai sauƙi", takarda kawai zai sayar maka, a bakin ƙofa za a dubi hoto a dubi fuskarka. Mota mai ɗaki, da ɗakin nan da ake ja a bayan mota, suna da nasu tikitin daban, kuma ba su da yawa. An hana kwana a cikin mota a filin ajiye motoci. Motar da za a karɓa sai wadda aka gina wa gado da wurin girki ko wanka. A-kori-kura da aka jefa wa katifa, juyawa za a sa ta ta yi. Filayen motocin suna wajen shingen bikin, da tafiya mai ɗan nisa a ƙafa. Babu wutar lantarki da za ka jona, kuma an hana janareta. Dokokin sukan ɗan sauya shekara zuwa shekara, sai a karanta na shekarar. Haka takardar haya: wasu kamfanonin suna ƙara kuɗi idan biki za a je, wasu sun haramta gaba ɗaya, wanda ya ɓoye kuwa inshorarsa na iya faɗuwa ranar da ya fi buƙatarta.

Yanzu ga abin da ya dame ni. Ko a watan Yuni, daren Ingila yana da sanyi, musamman ga wanda ya wuni cikin yayyafi. Ka ɗauka ƙarfe biyu ne na dare. Samari huɗu sun dawo daga kallo, ƙafafu sun jiƙe, haƙora na kaɗawa. A bakin mota akwai ɗan kaskon gashi na farin ƙarfe, irin wanda ake sayarwa da gawayinsa a ciki a yi amfani da shi sau ɗaya a yar. Da yamma suka gasa nama a kai. Babu harshen wuta, babu hayaƙi, toka ta rufe shi, amma in ka kai tafin hannu akwai ɗumi. Ɗaya ya ce a shigo da shi rumfar da ke manne da ƙofar mota, ya ɗan kore sanyi. Aka shigo da shi, aka ja zif, aka toshe tagogi, kowa ya ja bargo. Babu wanda ya ji ya yi wani abin ganganci.

Gawayin da ake ganin ya mutu yana ci gaba da fitar da iskar da ake kira kabon monoksaid na tsawon awoyi. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari ko hawaye. Idan ta shiga huhu, takan maƙale wa jini da ƙarfin da ya fi na iskar oksijin sau 200 da wani abu, sai jini ya yi ta zagaya jiki yana ɗauke da guba maimakon abin da ƙwaƙwalwa da zuciya ke jira. Alamominta na farko su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala. A nan mugun wayonta yake, domin a wurin biki kowa yana da dalilin ciwon kai: rashin barci, ƙarar kiɗa, zafin rana, ga masu sha kuma abin da suka sha. Mutum ya ce bari in kwanta zuwa safe zai wuce. Mai barci kuwa ba ya jin komai. A 2012, a wani sansanin tantuna a Shropshire, yarinya 'yar shekara 14 ta rasu bayan iyalinta sun shigar da irin wannan kaskon bakin tantinsu don su ji ɗumi.

Mu ba sai an yi mana dogon bayani ba. Kusan kowace unguwa ta taɓa jin labarin gidan da aka kunna janareta a soro ko a lungun falo saboda tsoron ɓarayi, gari ya waye ba a buɗe ƙofa ba. Kowane hunturu ana jan kunnen masu shiga ɗaki da kaskon garwashi su rufe ƙofa. Guba ɗaya ce. Abin da ya bambanta shi ne mota mai ɗaki ta fi ɗakinmu ƙanƙanta nesa ba kusa ba, an kuma liƙe ta da roba ta ko'ina don kada ruwa ya shiga, saboda haka iskar cikinta tana lalacewa da wuri. Abin da ke ba ni mamaki shi ne yaron da ba zai taɓa yarda a kwana da janareta a ɗaki a Kano ba, da ya ga kayan Turawa masu sheƙi sai ya ɗauka an gama masa tunanin komai.

Kuma gawayi ba shi kaɗai ba ne. Murhun gas da aka kunna don ɗumama ciki maimakon girki yana fitar da ita. Firij ɗin da yawa daga cikin waɗannan motoci da gas yake aiki idan babu lantarki, kuma yana da mafitar hayaƙi a jikin mota ta waje; in ta toshe, ko aka kafa rumfa ta rufe ta, hayaƙin ciki zai dawo. Wutar murhu lafiyayya shuɗiya ce, in ka ga ta koma rawaya tana lanƙwasa, ko baƙi ya fara taruwa a gindin tukunya, a kashe. Sai wanda batirinsa ya yi sanyi a kwana na uku ya tada inji don ya yi caji, salansa na hura hayaƙi kai tsaye cikin rumfar maƙwabcinsa da ke barci.

Maganin ba shi da tsada. Na'urar gargaɗin kabon monoksaid ba ta fi tafin hannu ba, da batir take aiki, kuɗinta bai kai na abincin kwana biyu a wurin bikin ba. A nemi wadda aka rubuta wa EN 50291-2, ita ce aka yi don motocin kwana da jiragen ruwa. Kada a rikita ta da mai jin hayaƙin gobara, aikinsu daban, kowacce ana buƙatarta. Ranar karɓar mota, a danna maɓallin gwaji a gaban mai haya a ji kukanta da kunne. In ta yi kuka da dare, ko mutum biyu suka tashi da ciwon kai iri ɗaya wanda ke sauƙi in sun fita waje, ba lokacin musu ba ne. A tashi kowa, a fita, a bar ƙofofi a buɗe, a rufe tukunyar gas, a nufi ma'aikatan lafiya na bikin ko a kira 999, a faɗa musu ƙarara abin da ake zargi. Wanda ya ce ya ji sauƙi zai koma ya kwanta, a hana shi.

Gas ɗin girkin kansa yana da nasa halin. Ya fi iska nauyi, in ya yoyo ƙasa yake kwanciya kamar ruwa. Shi ya sa masu ƙera motar suka bar 'yan ramuka a daɓe da cikin akwatin tukunya, don ya zurare waje. Sanyi yana shigowa ta nan, sai ka ga mutum ya cusa safa ko tsumma ya toshe, yana jin ya yi dabara. A bar su a buɗe. Shi wannan gas ɗin an sa masa wari da gangan, in an ji shi kada a ƙyasta ashana, kada a taɓa makunnin fitila. A rufe tukunya kafin tuƙi. A sansanonin yau da kullum na Ingila ana barin tazarar mita 6 tsakanin mota da mota saboda gobara. A biki kuwa inda ma'aikata suka nuna maka nan za ka tsaya, kuma ratar da suka bari ba wurin baza kujeru da rumfuna ba ce.

Sai taɓo. A 2005 ruwan sama kamar da bakin ƙwarya ya nutsar da tantuna. A 2016 laka ta yi yawan da motoci suka yi awoyi a layi kafin su shiga. Mota mai nauyin tan uku da ta kwana biyar a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa, tayoyinta sukan lume a hankali ba ka sani ba. Masu wayo tun ranar isowa suke sa katako ko shimfiɗar roba a ƙarƙashin tayoyin da ke jan motar. Ranar fita, in taya ta fara juyawa a wuri ɗaya, ɗaga ƙafa daga totur, don ƙara wuta rami kawai yake haƙawa. A gwada tashi a giya ta biyu, sannu-sannu. In ta ƙi, sai tarakta. Direban tarakta kuwa zai tambaye ka ƙarfen da ake ɗaura igiyar ja, wani zobe ne mai zare da ake murɗawa a gaban mota, yawanci yana cikin jakar jak. Gara ka nemo shi tun kana kan busasshiyar ƙasa, da a ce kana durƙushe cikin caɓi ana danna maka oda ta baya.

Banɗakin motar, wanda ɗan ƙanwata ke alfahari da shi, wata 'yar jarka ce a ƙarƙashin mazauni da ba ta kai lita 20 ba. Mutum huɗu za su cika ta cikin kwana biyu, sannan wani ya zaro ta ya ɗauka zuwa wurin da aka ware don zubarwa. Zubawa a gindin shinge laifi ne, kuma hukuma ba ta wasa da ruwan yankin: a 2014 tankin bahaya na bikin ya yoyo cikin kogin Whitelake, kifaye suka mutu, kotu ta ci masu bikin tara a 2016. Ruwan sha da na alwala ma ɗebowa ake yi daga famfo, sai a tafi da jarka da buta ta roba. An hana shiga da kwalba kowace iri, saboda fasasshen gilashi da ƙafafun shanu. Rana ba ta faɗuwa sai wajen tara da rabi na dare, ta fito wajen biyar na safe, don haka tsakanin isha da asuba ɗan taƙi ne, kuma da hantsi motar da aka rufe ruf takan zama tanda.

Ranar Litinin kowa ke fita lokaci ɗaya, ta ƙananan hanyoyin ƙauye masu shingen itatuwa hagu da dama. A Ingila ta hannun hagu ake tuƙi, abin da Najeriya ta bari tun 1972, kuma lasin ƙaramar mota ba ya ɗaukar abin da ya wuce kilo 3,500, ruwan tanki da kaya da mutane duk a lissafe. A zaɓi direba tun ranar Lahadi, ya bar kallo da wuri ya yi barci sosai. In layin fita ya yi tsawo, babu laifi a dafa shayi a waje a jira la'asar. Kafin a mayar da motar, a zubar da jarkar banɗaki a wanke ta, a share lakar daɓe, a ɗauki hoton motar ta kowane gefe, domin daga kuɗin ajiyarku masu haya za su cire duk abin da suka gani.