Tsallen gwangwala: sandar ce ke jefa mutum, ko ƙafarsa?

Ranar Litinin, 15 ga Satumba, 2025, a babban filin wasa na birnin Tokyo, an kammala sauran wasannin daren amma 'yan kallo suka ƙi tashi. Mutum ɗaya suke jira. Armand Duplantis, ɗan ƙasar Suwidin mai shekara 25, ya riga ya ci lambar zinare ta gasar guje-guje da tsalle-tsalle ta duniya, karo na uku ke nan a jere. Emmanouil Karalis na Girka ya samu azurfa da mita 6.00, Kurtis Marschall na Ostareliya ya samu tagulla da 5.95. Sai Duplantis ya ce a ɗaga masa karan zuwa mita 6.30, tsayin da ba a taɓa hayewa ba. Sau biyu yana kayar da shi. A na uku ya haye, kuma karo na 14 ke nan da ya kafa sabon tarihin duniya. Ga mai son ya auna da abin da ya sani: sandar saman ragar ƙwallon ƙafa mita 2.44 take daga ƙasa, wato mutumin ya tsallake fiye da raga biyu da rabi.

Irin wannan bidiyo ba ya daɗewa bai iso wayoyin matasa ba, kuma duk wanda ya san zaman majalisa a Ƙofar Kibo ko wata unguwa ta cikin birnin Zazzau zai iya cankar abin da za a ce: “Ai ba shi ba ne, sandar ce ke jefa shi.” Maganar tana da ƙanshin gaskiya, sai dai gaskiyar tata ba a inda masu faɗinta ke zato take ba.

Sandar ba ta da ƙarfin kanta. Abin da aka ba ta shi take mayarwa, kamar bakan maharbi, wanda iyakar jan da aka yi masa ita ce iyakar nisan kibiyarsa. Mai tsalle yana taho da gudu a kan layin da tsawonsa bai gaza mita 40 ba, ya soka gindin sandar a wani ɗan rami mai bangon ƙarfe, zurfinsa santimita 20. Gindin ya tsaya cak, amma mutumin bai tsaya ba, don haka sandar ta lanƙwashe ta ɗauke ƙarfin gudunsa ta riƙe na ɗan lokaci. Da ta tashi miƙewa sai ta mayar masa da shi, amma ta fuskar sama.

Lissafin ɗalibin sakandare ma ya isa ya nuna girman al'amarin. Abin da ke tafiyar mita 10 a daƙiƙa ɗaya, in aka juya dukan saurinsa zuwa sama ba tare da asara ba, zai tashi kusan mita 5.1. Mai tafiyar mita 9 a daƙiƙa zai tashi mita 4.1, mai mita 8 kuwa da ƙyar ya kai 3.3. Wato ƙarin mita ɗaya a daƙiƙa wajen gudu ya kusa zama ƙarin mita ɗaya a sama. A haɗa da cewa tsakiyar nauyin jikin dogon mutum tana wajen mita ɗaya daga ƙasa tun yana tsaye, sai a ga mai gudun mita 10 a daƙiƙa yana da jarin mita shida da 'yan kai. Saurin Duplantis a ƙarshen layi ya ɗan haura haka, alhali yana ɗauke da sanda mai tsawon fiye da mita biyar. A watan Satumba na 2024, a birnin Zurik, ya yi tseren mita 100 da Karsten Warholm, zakaran tsallake shingaye, ya cinye shi da daƙiƙa 10.37.

Sauran santimitocin aikin hannu ne da ciki da kafaɗa. Yayin da sandar ke lanƙwashe, mutumin yana lilo da ƙafafu har ya juye, kai ƙasa ƙafa sama. Da ta miƙe sai ya ja jikinsa, ya murɗa ya fuskanci karan, ya tura da hannu ya saki, ya naɗe a kan karan ta yadda ƙafa ta riga ta gangara ɗaya ɓangaren kafin ƙirji ya haye. Duk wannan cikin ƙasa da daƙiƙa biyu. Shi ya sa ake neman wanda ya haɗa ƙafar ɗan tsere da jikin mai alkafura, da kuma zuciyar da ba ta karaya in ta ga ƙasa daga nesa a juye.

Inda masu cewa “sandar ce” suka yi gaskiya shi ne a tarihi. A gasar Olamfik ta farko, a Atina a 1896, William Hoyt na Amurka ya ci zinare da mita 3.30, lokacin da sandunan na katako ne. Aka koma gora, wadda ta fi sauƙin ɗauka, har Cornelius Warmerdam ya kai mita 4.77 da ita a 1942. Wannan tarihi ya shekara 15 ba a taɓa shi ba. Sandunan ƙarfe da alminiyom da suka biyo baya ba su tsinana wani abin kirki ba: Don Bragg ya kai 4.80 a 1960, ƙarin santimita uku kacal cikin shekara 18. Sai aka shigo da sandar zaren gilas mai lanƙwasuwa a farkon shekarun 1960, nan da nan aka wuce mita biyar a 1963. Dalilin a fili yake. Sanda mai tauri tana dukan hannun mutum idan ta tsaya a rami, ƙarfi mai yawa ya salwanta a nan. Mai lanƙwasuwa tana karɓarsa a hankali, tana kuma ba mutum damar riƙe ta can sama kusa da ƙarshe.

Sergey Bubka na Yukren shi ya fara haye mita shida, a Faris a watan Yuli na 1985. Ya ci gasar duniya sau shida a jere, daga 1983 zuwa 1997, ya kafa tarihi sau 35 in aka haɗa na fili da na cikin zaure. Daga wurinsa aka saba da ƙarin santimita ɗaya-ɗaya, wanda Duplantis ya gada tun da ya karya tarihin Renaud Lavillenie na Faransa, mita 6.16, a watan Fabrairun 2020. Wasu na ganin wayo ne, tunda kowane sabon tarihi yana da tukuicinsa. A gasar duniya dala 100,000 ake bayarwa. Ni ban ga laifi ba. Ɗan wasa shekarun cinsa kaɗan ne, kuma santimitar da ake rainawa ba wanda ya iya ƙara ta sai shi.

Dokokin gasar suna da wani siddabaru da ke ruɗa sabon mai kallo. Wanda ya faɗi sau uku a jere ya fita, amma ba dole ne faɗuwar ta zama a tsayi ɗaya ba. Mutum zai iya faɗuwa sau ɗaya a 5.90, ya ce a bar wannan, ya ajiye damarsa biyu sai an kai 5.95. Zai kuma iya zama yana kallo a wuce ƙananan tsayi don ya tara ƙarfi, amma in ya tashi ya kasa haye ko ɗaya, ya koma gida ba maki. In mutum biyu suka tsaya a tsayi ɗaya, wanda ya fi ƙarancin faɗuwa shi ne gaba. Kowa yana da ikon cewa a matsar da ginshiƙan da ke riƙe karan zuwa gaba, har santimita 80, gwargwadon inda yake ganin zai kai ƙololuwa. Ga iska kuma: in ta bugo daga baya alheri ce, in ta zo ta gaba ko ta gefe sai a ga gwani ya tsaya yana kallon ƙyallen da ke nuna ta, agogo na cin lokacinsa.

To mu fa? Ranar 24 ga Yuli, 2022, a birnin Yujin na Amurka, Tobi Amusan 'yar Nijeriya ta kafa tarihin duniya a tseren mita 100 na tsallake shingaye da daƙiƙa 12.12. A wannan rana, a wannan fili, Duplantis ya haye 6.21. Nijeriya ƙasar gudu ce da tsalle. Emmanuel Ifeajuna ya ci zinare a tsallen sama a gasar ƙasashe renon Ingila ta 1954, Chioma Ajunwa ta ci na dogon tsalle a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996. In jarin wannan wasa gudu ne, muna da shi. Amma tarihin Afirka na tsallen gwangwala, mita 6.03, Okkert Brits na Afirka ta Kudu ne ya kafa shi a birnin Kolon tun 1995, kuma lambobin nahiyar yawanci tsakanin Afirka ta Kudu da ƙasashen arewacin Afirka suke yawo.

Kayan aiki ne ke tankaɗe mutane tun kafin a fara. Sanda ɗaya ɗaruruwan daloli ce, kuma kowace an yi ta ne don wani nauyi da wani tsawo. Yaro yana ƙara sauri yana sauya sanda, babban ɗan wasa kuwa da dami guda yake tafiya, yana fama da kamfanonin jiragen sama a kan yadda za a loda ta. Katifar da ake faɗawa a manyan gasa ba ta gaza mita shida tsawo, shida faɗi, da kaurin santimita 80 ba, kuɗinta dubban daloli, kuma ruwan sama da rana suna cin ta in ba a rufe ba. A duba inda gwanayen suka fito. Mahaifin Duplantis ɗan wannan wasa ne, ya gina layin gudu da katifa a bayan gidansu a Lafayette ta jihar Luwiziyana, yaron ya taso yana wasa a kai tun bai shiga makaranta ba. Ernest John Obiena na Filifin, wanda ya ci azurfa a gasar duniya ta 2023, shi ma ɗan gado ne, kuma sai da ya tafi Italiya wurin Vitaly Petrov, tsohon mai horar da Bubka, kafin ya kai mita shida. Asarar ma biyu ce ga ƙasar da ta yi watsi da wasan, domin tsallen gwangwala ɗaya ne daga wasanni goma na gasar dikatalon, kuma wanda bai iya shi ba ya zubar da ɗaruruwan maki.

Zariya ta fi garuruwa da yawa dacewa da gwada abin. Ga Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, wadda ta daɗe tana yaye malaman wasanni, ga Kwalejin Barewa, ga Alhudahuda, ga makarantar horar da kuratan soja da makarantar sakandaren soja, duk a gari ɗaya. Katifa ɗaya ta isa dukansu su yi karɓa-karɓa. Matakin farko ma ba ya bukatar katifa: masu horarwa suna fara yara da gajeriyar sanda mai tauri, a riƙe ta ƙasa-ƙasa, a taka taku huɗu ko shida a dira da ƙafa cikin ramin yashin dogon tsalle, wanda makarantu da yawa suke da shi. Haka aka yi wasan a zamanin gora, a kan yashi da dusar katako.

Abin da bai kamata ba shi ne yaro ya ga bidiyon Tokyo ya zaro gwangwala daga rumfar gidansu ya nufi kufan ganuwa ko kwalbatin unguwa. Busasshiyar gwangwala da gora tsagewa suke yi ba gargaɗi, kuma munanan raunukan wannan wasa, na kai da na wuya, galibi suna faruwa ne idan mutum ya rasa saurin da zai kai shi gaba ya faɗo baya a kan ƙasa mai tauri, ko ya kauce wa katifa. Malamin da ya san aikin ba zai bar ɗalibi ya ɗaga riƙonsa ko da faɗin tafin hannu ba sai ya ga yana dira a tsakiyar yashin a kai a kai.