Wata Biyar A Turai: A Bar Yarinyar Ta Tafi?

Wata uwa daga zumuntar mata a Tambuwal ta aiko mana da wasiƙa, ta roƙe mu kada mu buga sunanta. 'Yarta ta fari tana karatun digiri na biyu a Sakkwato, a kan sha'anin hulɗar ƙasa da ƙasa. Yanzu ga shi an zaɓe ta ta je wata jami'a a Turai ta yi zango ɗaya, wato wajen wata biyar, sa'an nan ta komo ta ƙarasa a gida. Tun ran da takardar ta iso, hankalin gidan bai kwanta ba. Uban ya ce, "Ke 'yar nan, me za ki koyo cikin wata biyar da ba a koyarwa a Sakkwato? Hulɗar ƙasashe tuwo ce?" Yarinyar ta durƙusa ta ce, "Baba, ai ita ce ta sa buhun takin da ka saya ya yi tsada." Ita uwar kuwa ba kuɗi ne damuwarta ba. Abin da take tsoro shi ne kada 'yarta ta tafi da bangaskiya ta komo ba ita.

Mun ga ya kyautu mu amsa a fili, gama mun sani ba gidansu kaɗai wannan magana ta shafa ba.

Bari mu fara da tambayar uban, domin tambaya ce ta mai hankali. A ganinmu yarinyar ta faɗi gaskiya. Ku tuna da abin da ya faru kwanan baya. Cikin Fabrairu 2022 yaƙi ya tashi tsakanin Rasha da Yukren, ƙasashen da manomin Kebbe bai taɓa taka su ba, amma kuɗin taki da na alkama suka hau a duniya duka, har ya ji a aljihunsa. Ran 26 ga Yuli 2023 soja suka karɓi mulki a Yamai. Ƙungiyar ECOWAS ta sa wa Nijar takunkumi, aka rufe iyaka, Nijeriya ta yanke wutar lantarkin da take ba su. Manyan motoci suka yi layi a Illela, ba shiga Ƙonni ba fita, kayan gwari suna ruɓewa a ciki. Ba a buɗe ba sai cikin Maris 2024. Wanda yake zaune a Tambuwal, a bakin babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta nufi Jega, ya san abin da rufe iyaka yake yi wa mai albasa da mai dabbobi da mai tuƙa mota. Daga baya kuma, cikin Janairu 2025, Nijar da Mali da Burkina Faso suka fita daga ƙungiyar ɗungum. Har bindigogin da suka hana mutanen Kebbe noma cikin kwanciyar rai, masu bincike da yawa suna cewa waɗansunsu sun biyo hamada ne bayan rushewar mulkin Gaddafi a Libiya cikin 2011. Duk waɗannan a ɗakunan shawara na nesa aka ƙulla su, a tukunyarmu suka ƙare. Idan 'ya'yanmu ba su iya karanta yarjejeniya su gane inda tarko yake ba, to, kullum sai dai a yi mana aski ba ma nan.

Ƙasar Tambuwal da Kebbe ma tana da nata misali. Aminu Waziri Tambuwal, wanda aka haifa a Tambuwal cikin 1966, a gida ya yi tushen karatunsa: kwalejin horon malamai ta Dogon Daji, sa'an nan Jami'ar Usmanu Danfodiyo, inda ya gama karatun shari'a cikin 1991. Mutanen Kebbe da Tambuwal suka aike shi Majalisar Wakilai cikin 2003. Sai bayan wannan ne ya riƙa fita gajerun kwasa-kwasai, har da na tsara dokoki a Jami'ar Tulane ta Amurka cikin 2005, da wani a Harvard cikin 2008. Cikin 2011 ya zama Kakakin Majalisa, cikin 2015 kuma Gwamnan Jihar Sakkwato. Ba siyasarsa muke yabo ko kushewa ba, wannan ba aikin mujallarmu ba ne. Abin lura kawai shi ne yadda abin ya jeru: gini a gida, leƙawa waje na ɗan lokaci, komowa bakin aiki. Daga cikin masu bi kuma muna da Farfesa Ishaya Audu, wanda ya riƙe Ma'aikatar Harkokin Waje daga 1979 zuwa 1983, da Janar Joseph Garba na Langtang, wanda ya koma aji a Harvard bayan ya bar soja, ya kuma shugabanci Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya cikin 1989.

To, me wata biyar za su ƙara? Ba za su mai da jahili masani ba. Amma wanda ya riga ya yi karatu zai sami abin da littafi ba ya bayarwa. Zai zauna aji ɗaya da ɗan Indiya da 'yar Jamus da ɗan Kenya, ya ji yadda kowa yake kāre ƙasarsa, a kuma tambaye shi ta tasa a gaban mutane. Nan ne zai gane ko ya san gida. Zai sami ɗakin karatu wanda wuta ba ta ɗaukewa. Zai kuma ga cewa Turawan ma suna da nasu matalauta da nasu rigingimu, abin da yakan warkar da mutum daga ɗaukar Turai kamar aljanna.

Amma maganar kuɗi ba wasa ba ce, a nan kuwa muna bayan uban. Cikin Mayu 2023 dala ɗaya a farashin gwamnati wajen naira 460 ce. Kafin ƙarshen Fabrairu 2024 ta haura naira 1,500. Muna faɗa da babbar murya: kada a sayar da gona ko shanun huɗa domin zango ɗaya. Kada a ci bashi da ruwa. In tafiyar ta gaskiya ce, akwai mai ɗaukar nauyinta. Shirin Erasmus na Tarayyar Turai, wanda aka fara cikin 1987, yakan biya kuɗin hanya da na zama, amma sai jami'ar ɗalibin tana da yarjejeniya a rubuce da jami'ar can, ta hannun jami'a kuma ake nema. Masu digiri na uku suna da wani shiri na Ƙungiyar Kwamanwel da yake kai su Ingila na wata goma sha biyu su komo. Chevening ta gwamnatin Ingila shekara guda ce cur, da sharaɗin mutum ya komo ƙasarsa ya zauna shekara biyu aƙalla. Ba ɗaya daga cikinsu da yake bukatar dillali. Duk wanda ya ce a ba shi kuɗi zai samo gurbi, a riƙe aljihu. Uban ya sa hularsa ya tafi Sakkwato da kansa, ya ga shugaban sashen, ya tambaya abu biyu: wane ne mai biya, kuma za a lissafta wannan karatu cikin digirin yarinyar ko kuwa za ta komo ta maimaita zangon?

Saura tsoron uwar, shi ne kuwa mafi nauyi. Ba za mu ruɗe ki ba, 'yar'uwa. 'Yarki za ta tarar da manyan majami'u da tsofaffi kaɗan a ciki. Za ta sadu da malamai masu ilimi da kirki waɗanda ba su gaskata da Allah ba sam, wannan kuwa ya fi ba'a girgiza matashi. Cikin Disamba rana takan fāɗi tun wajen ƙarfe huɗu, ga sanyi, ga kaɗaici, ba mai cewa "ina gajiya". Za a kuma sami masu raɗa mata cewa in bizarta ta ƙare ta ɓuya kawai, kowa haka yake yi. Wanda ya bi wannan shawara ya zama ɓoyayye a ƙasar mutane, ya kuma toshe ƙofa ga ƙannensa.

Duk da haka mu tuna da Daniyel. Shi ba da sonsa ya tafi Babila ba, shekara uku kuma aka yi ana koya masa harshe da ilimin Kaldiyawa. Bai ƙi karatun ba, ya ma fi 'yan ajinsa. Abincin sarki ne ya ƙi, tun da fari kuwa ya yanke wannan shawara a zuciyarsa, ba sai da aka ajiye akushi a gabansa ba. Yana kuma da abokai uku. Yarinyar da ta girma a Tambuwal, inda masu bi ba su da yawa, ta riga ta saba da zama cikin ladabi da maƙwabta waɗanda addininsu dabam ne, ba tare da ta saki nata ba. Wannan guzuri ne babba, wanda 'yan manyan birane da yawa ba su da shi.

Mun rubuta wa uwar cewa kafin a sayi tikiti, fastonsu ya nemi wata ikkilisiya mai koyar da Maganar Allah a garin da za a je, ya rubuta musu wasiƙar gabatarwa kamar yadda akan yi wa mai bi da ya ƙaura. A sa rana ɗaya cikin mako wadda iyali za su yi addu'a tare ta waya. Tikitin kuma ya zama na zuwa da komowa.

Amsarta ta iso mana makon jiya. Maigidan ya je Sakkwato, ya ga takardun da idonsa, ya tabbata ba za a taɓa shanunsa ba. Har yanzu dai bai ce "na yarda" ba. Amma ranar kasuwa ya komo gida da bargo mai kauri, ya miƙa wa uwar ya ce ta ajiye, an ce can akwai sanyi.