Yadda masu wasan ces a Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa za su kafa zauren nazari ta intanet

Wasan ces, wanda wasu ke kira darar Turawa, mutum biyu ne ke buga shi, amma da wuya mutum ya ƙware a cikinsa ba tare da abokan nazari ba. Nan ne gizo ke saƙa ga masu sha'awar wasan a arewa maso yammacin Jigawa. Malamin makaranta a Roni, ma'aikacin ƙaramar hukuma a Gwiwa, ɗan kasuwa a Babura da ɗalibin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure, kowannensu na iya shafe watanni bai sami wanda za su zauna su tattauna wasa ɗaya ba. Kuɗin mota ya yi tsada, aiki da kasuwa kuma ba sa barin mutum ya riƙa tafiya wani gari duk mako saboda wasa.

Wayar hannu ta rage wannan nisa, sai dai ta zo da tata matsalar. Mutum zai iya buga wasan minti uku sau ashirin a dare ɗaya da baƙi daga Indiya ko Rasha, ya wayi gari yana maimaita kuskuren da ya yi jiya. Abin da ke ɗaga ɗan wasa shi ne komawa kan wasan da ya buga, musamman wanda aka cinye shi, tare da mutanen da za su tambaye shi dalilin kowane motsi. Wannan shi ne aikin zauren nazari.

Wasan ba baƙo ba ne

Ƙasar Hausa ta daɗe da sanin wasan lissafi. Dara, wadda ake bugawa a ramuka 30 da 'ya'ya 12 ga kowane ɓangare, tana koyar da hangen nesa da haƙuri. A Borno an san wani nau'in ces da ake kira tsatsarandi, wanda ya samo asali daga shaɗaranjin Larabawa. Ces na zamani kuwa yana da gidaje 64 da 'ya'ya 16 ga kowane ɗan wasa, kuma hukumar FIDE, wadda aka kafa a birnin Paris a 1924, ita ke kula da dokokinsa. A Najeriya sunan wasan ya ƙara fitowa a watan Afrilun 2024, lokacin da Tunde Onakoya, wanda ya kafa ƙungiyar Chess in Slums Africa a Legas, ya shafe sa'o'i 60 yana wasa a dandalin Times Square na birnin New York don tara kuɗin karatun yara.

Mutum nawa, kuma a ina?

Zaure mai mutum shida zuwa goma ya fi yin aiki. Idan aka haura haka, 'yan kaɗan ne za su riƙa magana, sauran su zama 'yan kallo. Ana bukatar wuri biyu. Na farko rukunin WhatsApp ne, don sanarwa da saƙon murya. Na biyu dandalin wasa ne. Lichess, wanda wani Bafaranshe mai suna Thibault Duplessis ya ƙirƙira a 2010, kyauta ne kuma babu talla a cikinsa. Yana ba da damar buɗe ƙungiya, shirya gasa tsakanin mambobi, da buɗe allon nazari wanda kowa zai ga motsin da aka yi a lokaci guda, ya kuma rubuta sharhinsa a ƙarƙashi. Chess.com ma yana da ɓangaren ƙungiyoyi, sai dai wasu kayan nazarinsa na biya ne.

Tunda ƙarfin intanet a ƙauyukan Gwiwa ko na bakin iyaka a Babura ba ɗaya ba ne da na cikin Kazaure, gara a haƙura da kiran bidiyo. Allon wasa da kiran murya ba sa cin data sosai. Wanda layinsa ke yawan yankewa zai iya shiga ta hanyar wasan da ake bai wa kowa kwana ɗaya ko fiye kafin ya yi motsi.

Tsarin mako

Zaure na bukatar jadawali mai sauƙi wanda ba ya canzawa. A farkon mako a haɗa mambobi biyu-biyu, kowa ya buga wasa ɗaya mai tsawo, aƙalla minti 15 ga kowane ɓangare da ƙarin daƙiƙa 10 bayan kowane motsi. Bayan wasan, kowa ya rubuta wurare uku da ya tsaya tunani, da abin da ya ji tsoro ko ya yi niyya a lokacin. A ƙarshen mako, bayan sallar isha'i, a zauna na awa ɗaya a ɗauki wasa biyu a warware su tare. A guji ranar kasuwar garin kowane mamba, domin ɗan kasuwa ba zai bar rumfarsa saboda doki da sarauniya ba.

Kafin komai, kowa ya koyi rubuta wasa. Layukan tsaye suna da haruffa daga a zuwa h, na kwance suna da lambobi daga 1 zuwa 8, don haka kowane gida yana da sunansa. Da wannan, mutumin Roni zai ce wa na Babura ya duba gidan e4 a saƙon murya, su fahimci juna ba tare da hoto ba.

Game da abin da za a karanta, masu koyo sukan ɓata lokaci wajen haddace buɗe wasa. Mafi yawan wasanninsu kuwa ana rasa su ne saboda barin ɗa ba kariya, ko rashin ganin doki zai kai hari wuri biyu a lokaci ɗaya. Don haka watannin farko su tafi kan dabarun cin 'ya'ya da kuma ƙarshen wasa: yadda sarki da sarauniya ke kama sarki shi kaɗai, da yadda ake raka ƙaramin ɗa har ya kai layin ƙarshe ya zama sarauniya. Jagorancin zama ya riƙa zagayawa, domin wanda ya shirya darasi don ya koyar da wasu ya fi kowa riƙe shi.

Kwamfuta ta zo a ƙarshe

Manhajar Stockfish, wadda ke cikin waɗannan dandali, ta fi kowane ɗan Adam ƙarfi a wasan. Idan aka kunna ta tun farkon zama, muhawara ta mutu, kowa ya koma jiran hukuncin na'ura. Ya kamata mambobi su fara fitar da ra'ayoyinsu, su yi gardama, sannan a tambayi kwamfuta a mintunan ƙarshe. Neman taimakonta ana tsakiyar wasa kuwa maguɗi ne, dandalin na hukunta wanda aka kama, kuma zaure ya kamata ya rubuta tasa dokar a kan haka tun ranar farko.

Iyakokin da za a kiyaye

Malamai sun daɗe da saɓani kan hukuncin shaɗaranji, wasu sun hana, wasu sun karhanta. Amma ba su saɓa ba kan haramcinsa idan aka sa caca ko ya shagaltar da mutum daga salla. Zauren da ke son iyaye da shugabannin makarantu su amince da shi dole ya hana sa kuɗi a kan wasa, ya tsayar da zama idan lokacin salla ya yi. Idan akwai yara 'yan makaranta, a nemi izinin iyayensu, a kuma sa malami a cikin rukunin. Siyasa da tallan haja su tsaya a waje, domin su ne suka fi kashe rukunan WhatsApp.

Makin da dandali ke bai wa ɗan wasa yana hawa da sauka, bai kamata a auna ci gaba da shi kowane mako ba. Gara a ajiye wasannin kowane mamba, bayan wata uku a duba ko kurakuran da ya saba yi sun ragu. Sannan a shirya haɗuwa ido da ido a Kazaure sau biyu ko uku a shekara, da allo na gaske da agogo, domin wanda ya saba da fuskar waya kaɗai yakan rikice ranar da ya fara zama gaban abokin hamayya a gasa.